Ƙara Girman Faifan Kwamfutar Kama-da-wane Bayan An Riga An Ƙirƙira Ta: Tambayoyi Da Amsoshi

Yawancin masu ƙirƙirar kwamfutar kama-da-wane, wato VM, kan karɓi girman faifan da manhaja ta ba su tun a tashin farko, GB 20 ko 25 ko 50, su wuce abinsu. Bayan 'yan watanni sai sabunta manhajoji ya ƙi, ma'ajiyar bayanai ta daina karɓar rubutu, a duba a tarar faifai ya cika maƙil. A amsoshin da ke ƙasa, "mai masauki" na nufin kwamfutar zahiri da ke ɗauke da VM ɗin, "baƙuwa" kuma ita ce VM ɗin kanta.

Ana iya ƙara girman faifan ba tare da an sake girka komai daga farko ba?

Ana iyawa, a VirtualBox da VMware da Hyper-V da KVM da Proxmox, har da sabobin haya irin na AWS, Azure da Google Cloud. Fayilolinka ba sa motsawa daga inda suke, fili kawai ake ƙarawa a ƙarshen faifan.

Sai dai ka riƙe tun yanzu cewa aikin hawa uku ne. Hawa na farko shi ne faifan kansa, wanda a wurin mai masauki fayil ne kawai mai ƙarewa da .vdi ko .vmdk ko .vhdx ko .qcow2. Na biyu fatishan, wato yankin da aka shata a cikin faifan, mai farko da ƙarshe. Na uku tsarin fayil, irin su ext4, XFS ko NTFS, wanda ke zaune cikin fatishan yana lissafin inda kowane fayil yake. Kamar wanda ya ƙara fegi ne a bayan gidansa: filinsa ya ƙaru, amma muddin bai matsar da katanga ba, tsakar gida tana nan yadda take. In akwai LVM, wato tsarin Linux da ke tattara fili ya raba shi zuwa yankuna masu sauya girma, ko faifai mai kulle, hawan ya zama huɗu ko biyar. Wajen ƙari daga waje ake farawa a shigo ciki. Wajen ragewa daga ciki ake fitowa, kuma wanda ya juya wannan jeri ya yi ban kwana da bayanansa.

Na ƙara daga GB 30 zuwa 60, amma `df -h` har yanzu 30 yake nuna mini. Aikin bai yi ba ne?

Ya yi, bai dai ƙarasa ba. Umarnin `df` tsarin fayil kaɗai yake tambaya, shi kuwa ba wanda ya gaya masa an yi ƙari. Buga `lsblk`, za ka ga wani abu kamar haka:

    sda      60G  disk
    └─sda1   30G  part  /

Wannan layi biyu sun isa su nuna maka inda aiki ya tsaya. In sda kansa yana nuna 30G, baƙuwar ba ta ga ƙarin ba tukuna, ko dai tana buƙatar a sake duba faifan, ko sinafshot, wato hoton yanayin VM da aka ajiye don a iya komawa gare shi, shi ne ya tare hanya. In sda 60G ne amma sda1 30G, fatishan ne ya rage a faɗaɗa. In dukansu biyu 60G ne amma `df` ya kafe a kan 30, saura tsarin fayil kawai, umarni ɗaya ne.

Me ya kamata in yi kafin in taɓa komai?

Kashe baƙuwar kashewa ta gaske, ba dakatarwa ko adana yanayi ba, sannan ka kwafi fayil ɗin faifan gaba ɗaya zuwa wani wuri. Shi ne kwafin ajiya. Sinafshot ba ya maye gurbinsa, domin bambanci kawai yake riƙewa tsakanin jiya da yau, ya kuma dogara da faifan asali: in asalin ya lalace, tare suke tafiya. Ga shi kuma sinafshot shi ne abin da ya fi hana ƙarin girma tafiya daidai a kusan kowace manhaja, don haka kafin aikin ma sai ka goge su, ka bari su narke cikin faifan asali. Narkewar nan tana cin lokaci tana kuma cin fili a mai masauki, kada a katse ta a tsakiya.

A Linux akwai wani ƙaramin rigakafi da bai kai ɗakika biyu ba:

    sudo sfdisk -d /dev/sda > tebur.txt

Zai rubuta sektar da kowane fatishan ya fara da tsawonsa. Sekta ita ce ɗan ƙaramin yankin da ake ƙirga faifai da shi. Fitar da fayil ɗin daga cikin baƙuwar, don in ya zauna a ciki ranar da ta ƙi tashi ba shi da amfani. In tebur ɗin fatishan ya ɓaci, `sfdisk /dev/sda < tebur.txt` zai mayar da shi. Ka kuma buga `lsblk -f` ka san wane tsarin fayil gare ka, kada ka yi zato.

Yaya ake yi a VirtualBox?

Akwai hanyar linzami ta Virtual Media Manager, inda ake zaɓar faifai a ja ma'aunin girma. Ta umarni kuwa:

    VBoxManage modifymedium disk "sabata.vdi" --resize 61440

Lambar a megabait take, kuma jimillar sabon girma ce, ba abin da kake son ƙarawa ba. GB 60 sau 1024 shi ne 61440. In ka rubuta 60 kawai, ragewa ka nema, zai ƙi, ba wata ɓarna. Kuskuren da ke da ciwo shi ne ƙarin sifili: 614400 GB 600 ne, zai karɓa ba musu, kuma VirtualBox ba ya rage girman faifai da wannan umarni. Ƙirga lambobinka sau biyu. Tsofaffin jagorori suna cewa `modifyhd`, sunansa na da ke nan.

Umarnin yana aiki ne da faifai mai kumbura a hankali, wato wanda fayil ɗinsa ke girma gwargwadon abin da aka rubuta a ciki. In tun farko ka zaɓi mai tsayayyen girma, sai ka fara juya shi:

    VBoxManage clonemedium disk tsoho.vdi sabo.vdi --variant Standard

Ka ƙara girman sabon, ka cire tsohon daga sashen Storage, ka sa sabon a daidai ramin da tsohon yake. In faifan naka .vmdk ne, abin da aka saba gani a VM da aka shigo da ita daga fayil ɗin .ova, kuma ƙarin ya ƙi, hanyar ɗaya ce, sai dai ka haɗa da `--format VDI`. Kada ka kwafi .vdi da hannu ka nemi haɗa shi alhali na asali yana rajista, domin lambar shaidarsu ɗaya ce, VirtualBox zai kore shi. `clonemedium` ne ke ba da sabuwar lamba.

In kuma ka yi komai daidai amma baƙuwa tana ganin tsohon girma, leƙa babban fayil, wato folda, mai suna Snapshots. Baƙuwa mai sinafshot a kan fayil ɗin bambanci take aiki, shi kuma bai san an ƙara wa na asali komai ba.

A VMware maɓallin Expand ya dushe, ba ya dannuwa.

A Workstation dalili biyu ne kusan kullum: VM tana kunne ko a dakace, ko akwai sinafshot. Gyara waɗannan, maɓallin zai dawo. Ta umarni: `vmware-vdiskmanager -x 60GB sabata.vmdk`.

A vSphere ana ƙari ko da VM tana aiki, ta Edit Settings, amma akwatin girman yana kullewa in akwai sinafshot ko faifan yana kan IDE. A nan ne wasu kan yi wayo su shiga ESXi su buga `vmkfstools -X` don su tsallake kullen. Kada ka yi. Girman uwa, wato faifan asali, zai saɓa da na 'ya'yanta a sarƙar sinafshot, VM ta ƙi tashi, a koma gyaran fayilolin bayani da hannu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. In babu sinafshot umarnin lafiya lau ne, amma ƙaramin fayil ɗin sabata.vmdk ake nuna masa, ba ƙaton mai -flat a sunansa ba.

KVM da Proxmox fa?

In baƙuwa tana kashe:

    qemu-img info sabata.qcow2
    qemu-img resize sabata.qcow2 +30G

A nan alamar tarawa tana nufin ƙari a kan abin da ke akwai. In ka cire ta, lambar ta zama jimilla. In baƙuwa tana aiki, `qemu-img` ba nata ba ne sam, hannu biyu a kan fayil ɗaya lalata shi suke yi. Abin da ake amfani da shi shi ne `virsh domblklist sabata` don ganin sunan faifan, sannan `virsh blockresize sabata vda 60G`. Kada ka manta harafin G, domin in babu shi kilobait `virsh` ke ɗauka. In faifan baƙuwar ba fayil ba ne, wani yanki ne na LVM a mai masauki, a can za ka fara yin `lvextend` kafin ka sanar da ita.

A Proxmox, `qm resize 101 scsi0 +30G`, inda 101 lambar VM ce. Ba ya ragewa.

Hyper-V?

A PowerShell mai ikon shugaba, wato Administrator: `Resize-VHD -Path D:\VM\sabata.vhdx -SizeBytes 60GB`, ko ta Edit Disk. Tun daga Windows Server 2012 R2 ana iya yi VM tana kunne, bisa sharaɗi biyu: faifan ya zama VHDX, kuma yana kan SCSI. VM ta Generation 1 daga IDE take tashi, don haka faifan tashinta sai an kashe ta. Tsohon tsari VHD iyakarsa GB 2040, VHDX kuwa TB 64, kuma `Convert-VHD` yana juya na farko zuwa na biyu. In ka ga fayiloli masu .avhdx kusa da faifan, akwai sinafshot, wanda Hyper-V ke kira checkpoint. Goge su daga cikin Hyper-V Manager, ba daga babban fayil ba.

Sabata ta haya ce a intanet. Akwai bambanci?

Kaɗan. Hawa na farko daga shafin kamfanin ake yi ko ta umarninsu, misali `aws ec2 modify-volume` ko `gcloud compute disks resize`. Duk manyan ukun ƙari kawai suke yarda da shi, kuma girman da ka ware ake lissafa maka, ko ka cika shi ko ba ka cika ba. Yawancin Linux ɗinsu suna zuwa da cloud-init, wanda ke faɗaɗa fatishan ɗin tushe, wato mai ɗauke da `/`, da kansa a tashi na gaba. Faifan bayanai na biyu kuwa kai za ka yi da hannunka.

To ga faifai ya ƙaru. Me zan buga a cikin Linux?

In an yi ƙarin tana kunne kuma faifan sda ne, sa ta sake dubawa:

    echo 1 | sudo tee /sys/class/block/sda/device/rescan

An yi amfani da `tee` ne saboda `sudo echo 1 > ...` ba ya aiki, ikon shugaba bai kai ga alamar turawar ba. Faifan virtio mai suna vda shi da kansa yake ganin sabon girma.

Sai fatishan:

    sudo growpart /dev/sda 1

Lura da tazarar da ke tsakanin sda da 1, abu biyu ne daban. A faifan NVMe `growpart /dev/nvme0n1 1` ne, ba tare da harafin p ba. In umarnin babu shi, a Debian da Ubuntu yana cikin cloud-guest-utils, a Fedora da dangin Red Hat cikin cloud-utils-growpart.

Sai tsarin fayil, kowanne da nasa. Na ext4: `sudo resize2fs /dev/sda1`, nan babu tazara. Na XFS: `sudo xfs_growfs /`, shi mahaɗar ake ba shi, wato inda aka haɗa tsarin, a nan `/`, kuma dole tsarin ya zama a haɗe. Na Btrfs: `sudo btrfs filesystem resize max /`. Dukansu suna girma ana cikin aiki, ba sai an kashe komai ba.

Akwai saƙon da ke tsinka wa mutane zuciya a banza. Ka buga `resize2fs` sai ya ce "Bad magic number in super-block". Galibi faifanka ƙalau yake, XFS ne kawai ka kai wa kayan aikin ext4. Red Hat Enterprise Linux ta koma XFS tun fitowa ta 7 a 2014, haka CentOS da Rocky da AlmaLinux.

Nawa akwai LVM. Ta ina zan shiga?

Kafin ka ƙara ko megabait ɗaya a mai masauki, buga `sudo vgs` ka dubi sashen VFree. Mai girka Ubuntu Server ya saba ƙin bai wa tushe dukan filin da ke akwai, ya bar saura a ajiye. Mutum sai ya ware GB 100, `df` ya nuna masa kusan rabi, ya je ya ƙara faifai alhali rabin na nan zaune ba wanda ya taɓa. In VFree yana da kauri, umarni na ƙarshe a ƙasa shi kaɗai kake buƙata.

In babu saura, bayan ƙarin faifai:

    sudo growpart /dev/sda 3
    sudo pvresize /dev/sda3
    sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv

Harafin `-r` yana faɗaɗa tsarin fayil a tare, ko ext4 ne ko XFS. Alamar tarawar da ke gaban 100%FREE ba ado ba ce: in ka bar ta, cewa ka yi sabon girma ya zama daidai da filin da ya rage, ba a ɗora shi a kan na da ba. Sunayen ubuntu-vg da ubuntu-lv misali ne, `lvs` zai nuna maka naka. Mu dai shawararmu kada a cinye filin duka in akwai yankuna da yawa, musamman kan XFS da ba ya komawa baya. Ba da `-L +20G` yau, ka bar sauran don wanda zai cika gobe.

In faifan yana da kullen LUKS, `cryptsetup resize` da sunan kullen yana shiga tsakanin `growpart` da `pvresize`.

`growpart` ya ce NOCHANGE, ko ya ce babu fili.

NOCHANGE na nufin babu fili manne da bayan wannan fatishan: ko baƙuwa ba ta ga ƙarin ba, ko wani fatishan ya tsaya a tsakani. "No space left on device" kuwa abin dariya ne in ba a kanka ya faru ba: `growpart` yana son rubuta ɗan fayil na wucin gadi a /tmp, faifan kuma ya cika har ba inda zai rubuta. Ba shi aron wuri a ƙwaƙwalwa:

    sudo mount -t tmpfs -o size=10M tmpfs /tmp

Ka yi aikinka, ka cire da `umount /tmp`.

Fatishan ɗin suwaf ya tare tsakanin tushe da sabon fili.

Suwaf fili ne a faifai da ƙwaƙwalwa ke aro in ta cika. Wannan tsarin Debian ne na gargajiya a kan MBR, tsohon nau'in tebur ɗin fatishan: sda1 tushe, sda2 fatishan mai ɗauke da wasu, sda5 suwaf a cikinsa. Fatishan ba ya tsallake maƙwabcinsa, don haka sai an kawar da suwaf. Babu bayanan da za ka rasa a cikinsa. Buga `swapoff -a`, goge sda5 sannan sda2 da `fdisk`, faɗaɗa sda1 kamar yadda aka nuna. Maimakon sake yanka fatishan a ƙarshe, wanda zai sake tare ka wata rana, yi fayil ɗin suwaf a ext4: `fallocate -l 2G /swapfile`, `chmod 600 /swapfile`, `mkswap /swapfile`, `swapon /swapfile`.

Inda ake mantuwa shi ne share sawun tsohon. Cire layinsa daga /etc/fstab ka sa na sabon, in ba haka ba systemd zai tsaya minti ɗaya da rabi a kowane tashi yana jiran abin da ba ya nan. Buɗe kuma /etc/initramfs-tools/conf.d/resume, mayar da shi `RESUME=none`, ka buga `update-initramfs -u`.

Na ga ana cewa a goge fatishan da `fdisk` a sake yin sa. Ba zai share bayanai ba?

Ba zai share ba, in an kiyaye abu biyu. Goge fatishan layi ne kawai ake cirewa daga tebur, bayanan suna nan a sektocinsu. Sharaɗi na farko: sabon ya fara daga daidai sektar da tsohon ya fara. Galibi 2048 ce, amma tsofaffin faifai kan fara daga 63, kuma `fdisk` zai ba ka shawarar 2048 ko da ba ita ba ce. Na biyu: in ya tambaya ko ya cire sa-hannun ext4 da ya gani, amsar a'a ce. Babu abin da ke tabbata sai ka buga `w`, in ka rikice `q` zai fitar da kai lafiya. Duk da haka, inda `growpart` yake, babu dalilin wannan kasada. In dole sai an matsar da fatishan daga wurinsa, tayar da baƙuwar daga GParted Live, ƙaramin Linux na gyaran fatishan da ke tashi daga waje. Matsarwa tana kwashe kowace sekta ne zuwa sabon wuri, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai kwafin ajiya.

`parted` yana gargaɗi cewa GPT bai kai ƙarshen faifai ba.

Daidai ne. GPT, sabon nau'in tebur ɗin fatishan, yana ajiye kwafin teburinsa a can ƙarshen faifai, da ka yi ƙari sai kwafin ya tsinci kansa a tsakiya. Zaɓi Fix, ko ka buga `sgdisk -e /dev/sda`. `growpart` yana yin wannan da kansa.

A Windows, Extend Volume ya dushe.

Buɗe `diskmgmt.msc`, ka danna Action sannan Rescan Disks. In baƙin fili ya bayyana manne da C: ta dama, Extend Volume zai yi aiki, an gama. Yana dushewa ne in tsarin fayil ɗin FAT32 ne, ko in wani abu ya shiga tsakani, wanda a Windows 10 da 11 kusan kullum ɗan fatishan ɗin Recovery ne mai 'yan ɗaruruwan megabait.

Ga yadda ake kawar da shi. In akwai BitLocker, kullen faifai na Windows, fara dakatar da shi, ka tabbata mabuɗin ceto yana hannunka. A taga mai ikon shugaba buga `reagentc /disable`, wanda zai kwaso kayan ceton zuwa cikin C:. Shiga `diskpart`, `select disk 0`, `list partition`, zaɓi na Recovery da lambarsa, ka dubi lambar nan da kyau, sannan `delete partition override`. Koma ka faɗaɗa C:, amma ka bar kamar GB 1 a ƙarshe. A wannan saura yi `create partition primary`, `format fs=ntfs quick`, sannan a faifan GPT `set id=de94bba4-06d1-4d40-a16a-bfd50179d6ac` da `gpt attributes=0x8000000000000001`, a MBR kuwa `set id=27`. Rufe da `reagentc /enable`, ka tabbatar da `reagentc /info`.

Na kai faifan TB 3 amma fatishan ya tsaya a 2.

Teburinka MBR ne. Yana ƙirga sektoci da lamba mai bit 32, kowace sekta bait 512, iyakarsa ke nan tebibait 2. Sai an koma GPT. A Windows akwai `mbr2gpt`, amma bayansa dole a sauya baƙuwar daga BIOS zuwa UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. In faifan tashi ne, mafi sauƙi a bar shi yadda yake, a ƙara faifai na biyu mai GPT don bayanai.

Na ware GB 60, `df` yana cewa 58 da wani abu, abin da zan iya amfani da shi kuma bai kai haka ba.

Fatishan ɗin tashi ya ci nasa, tsarin fayil ya ci nasa don lissafi, sannan ext4 yana keɓe kashi 5 cikin ɗari ga shugaba. A faifan bayanai zalla `tune2fs -m 1` zai rage shi zuwa kashi ɗaya. A tushe ka bar shi, shi ne ke ba ka damar shiga ranar da faifai ya cika.

Na zarce da ƙari. Ana iya ragewa?

Ana iyawa a wasu wurare, amma ka fara tambayar kanka ko akwai buƙata. Faifai mai kumbura a hankali ba ya cin fili a mai masauki sai abin da aka rubuta. In ka kai shi GB 600 bisa kuskure, ka ƙi faɗaɗa fatishan fiye da 60, sauran suna ne kawai.

In dole ne, daga ciki za ka fara. XFS a aikace ba ya raguwa, sai a kwashe bayanai a sake tsara shi. ext4 yana raguwa amma sai ba ya haɗe, wato tushe sai daga GParted Live, a fara da `e2fsck -f`. NTFS yana raguwa daga Disk Management har zuwa inda fayilolin da ba sa motsi suka tsaya. Sannan a rage fatishan, a ƙarshe faifan, kowane hawa na waje ya ɗan fi na cikinsa girma. `qemu-img` ba ya yarda sai ka sa `--shrink`, kuma ba ya duba abin da ke ciki, datse ƙarshen kawai yake yi, har da kwafin GPT. VHDX yana raguwa, VHD ba ya yi. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a yi sabon ƙaramin faifai a kwashe bayanai, a ajiye tsohon har sai sabon ya tashi lafiya.

Na goge fayiloli masu yawa a ciki amma fayil ɗin faifan bai ragu ba a mai masauki.

Wannan matsewa ake nema, ba rage girma ba. Goge fayil ba ya share sektoci, alama kawai ake yi musu cewa babu mai su, mai masauki kuma bai ji labari ba. In an kunna discard a kan faifan, wato zaɓin da ke bari baƙuwa ta sanar da mai masauki filin da ta saki, `sudo fstrim -av` ya wadatar. In ba haka ba sai a cike filin banza da sifili, da `zerofree` a ext4 ko `sdelete -z C:` a Windows, a kashe baƙuwar, sannan `VBoxManage modifymedium disk sabata.vdi --compact`, ko `Optimize-VHD`, ko `qemu-img convert -O qcow2` zuwa sabon fayil. Hattara: cikewa da sifili na iya kumbura fayil ɗin zuwa cikakken girmansa kafin ya matse.

Zan iya ba baƙuwa fili fiye da wanda mai masauki yake da shi?

Manhaja za ta bar ka, in faifan mai kumbura ne. Ranar da mai masauki ya cika, baƙuwa na ganin tana da sauran GB 40, rubutu kuma ya ƙi. KVM da VirtualBox kan daskarar da ita har a samar da fili, kuma duk baƙin da ke kan wannan ma'ajiya tare abin zai same su. Don haka `df` na mai masauki ake sa wa ido, ba na baƙuwa kaɗai ba.

Na ƙara, bayan kwana uku ya sake cika.

To matsalar ba ta girma ba ce, wani abu ne ke zuba. `sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h` zai jera maka foldodi daga ƙarami zuwa babba, ka bi mafi nauyi kana gangarawa. Waɗanda aka fi kamawa su ne /var/log da /var/lib/docker. `journalctl --vacuum-size=200M` yana rage na farko, `docker system df` yana nuna abin da na biyu ya tara. In `du` da `df` sun saɓa da yawa, akwai fayil da aka goge amma wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe: `sudo lsof +L1` zai nuna ta, sake kunna ta zai saki filin. In kuma `df -h` yana nuna akwai sarari amma rubutu yana ƙi, buga `df -i`. A ext4 adadin fayilolin da za a iya ƙirƙira yana da iyaka, miliyoyin ƙananan fayilolin zaman shiga ko saƙonnin da suka maƙale a layi suna iya cinye shi alhali rabin faifan fanko ne. Ƙarin girma zai ƙaro wannan adadi, amma in ba a gano manhajar da ke haifar da su ba, mako mai zuwa IUse% zai koma 100.